Tukuba da Injin Gashi

Salihu bai zo Guangzhou don ya sayi komai ba. Ya zo ne don ya hana a saya, kuma duk wanda ya san shi a Gwammaja ya san in dai hanawa ce, to an zo gidanta.

Abin da ake son saye injin gashin nama ne, irin wanda ba ya cin gawayi ko icce, sai wasu 'yan ƙwayoyin garin katako da aka matse, masu kama da abincin kifi. Mai son sayen ƙaninsa ne, Zayyad, wanda ya daɗe a China yana loda kwantenar tufafi zuwa Kantin Kwari. Abin da Salihu ya zo karewa kuwa tukubar mahaifinsu ce, wadda take ƙofar gidansu tun kafin a haife su, tudun toka da yumɓu da ake kafa tsinkunan tsire a kewayensa, wuta a tsakiya. Marigayi Malam Muhammad Sani a bakinta ya tsufa. Salihu ya gaje shi, da ita yake ci da iyalinsa, da ita ake kiransa a unguwa. Zayyad kuma so yake a share ta, a zuba tayil, a sa gilashi da fitilu, a kafa inji, a rataya allo mai suna da Turanci. Da gardamar ta yi tsami, mahaifiyarsu Inna Yalwa ta raba ta da magana ɗaya: ba injin da zai shigo gidan sai wanda Salihu ya gani da idonsa ya ce ya yarda. Shi ya sa Zayyad ya aiko da tikiti.

Ba yadda za a yi ya ƙi zuwa. Ƙani ya biya wa wansa jirgi, unguwa duk ta ji, har masu sayen tsire suna yi masa barka tun bai ga fasfo ba. In ya ƙi, a ce hassada ce. Sai ya yi lissafinsa shi kaɗai a bakin wuta: muddin bai ce ya yarda ba, babu inji, kuma muddin babu inji, tukuba tana nan daram. Zai je, ya duba, ya kushe, ya dawo. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sayen shanu da awaki a kara ba wanda zai koya masa kushe kaya.

Tun a filin jirgi aka fara. Zayyad ya zo tarbarsa cikin wando matsattse da ƙamshin turare, ya rungume shi, sannan ya ja baya ya ce ashe har nan Yaya ya taho da hayaƙin. Salihu ya ce e, ya taho da shi, hayaƙin da ya sayi jakar makarantar wani. A haka suka shiga tasi zuwa masauki a unguwar Sanyuanli. Dukansu bakin ubansu suka gado, kuma Malam Sani, Allah ya jiƙansa, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

Garin bai yi wa Salihu ba, shi ma bai nemi ya yi masa ba. Zafin nan mai laima da ke manna riga a baya, ɗakin masauki da tagarsa ke kallon bangon wani, shinkafa ba mai ba gishiri. Wayarsa kuma tun da ya sauka ta zama kurma, ba saƙon da ke shiga ba wanda ke fita, don haka in zai gaida gida sai ta wayar Zayyad, Zayyad na tsaye a kansa. Da safe ƙanin yakan tafi kasuwar Shahe ya yi ta fama da dilolin riguna, ya biya ta kasuwar Baima ya duba oda, sai bayan azahar ya zo ya ɗauke shi su tafi kasuwar kayan girki can wajen Panyu. Na ukunsu a motar kullum Moussa Tankari ne, wani ɗan Maraɗi mai safarar takalma da suke haɗa sito da Zayyad. Ya ce yana son ya ga injin ne saboda wani ɗan'uwansa a Yamai. Gaskiyar magana, Moussa mutum ne da ba ya son a yi rigima ba ya wurin.

Shagon da suka fi zuwa wata mata ce ke tsaronsa, 'yan kasuwa na kiranta Lili. Tana ganin Zayyad ta ce nihau lauban, wato sannu maigida, ta kawo shayi a 'yan kofuna kamar na wasan yara. Salihu ya lura shi ba ta ce masa lauban ba. Ta dube shi ta dubi hannuwansa masu tabon ƙuna, ta yi murmushin da ake yi wa ɗan rakiya.

Inji uku ta jera musu. Na farko ja ne, ƙato, rumbunsa na cin buhu guda na ƙwayar, ya yi ta ci daga safe har yamma ba a ƙara masa ba, ragarsa kuma a shimfiɗa rago biyu a rufe. Lili ta buɗe cikinsa ta nuna wani ƙarfe mai murɗe irin na injin markaɗe, wanda ke tura ƙwayar a hankali zuwa tukunyar wuta, da fankar da ke hura ta. Zayyad yana fassarawa da zumuɗi kamar shi ya ƙera. Salihu ya ƙwanƙwasa murfin da ɗan yatsa, ya ce gwangwanin madara ya fi shi kauri. Ya taka tayar ya ce roba ce, ba za ta ga damina biyu a Gwammaja ba. Sannan ya yi tambayar da ya taho da ita tun daga Kano: in an ɗauke wuta fa?

Lili ta yarda cewa in babu lantarki, ƙarfen ya tsaya, fanka ta tsaya, wuta ta mutu da nama a ciki. Salihu ya juyo ya dubi ƙaninsa da fuskar mai nasara. Zayyad ya ce akwai sola, akwai batir, an riga an yi wannan lissafin.

Salihu ya ɗebi ƙwayar a tafin hannu ya shinshina. "To wannan kashin awakin fa, a wace kasuwa ake sayar da shi a Kano?"

Zayyad ya ce duk kwantenar da zai loda zai sa buhuna a ciki. Salihu ya ce wato ranar da jirgin ruwa ya makara, ranar Gwammaja za ta kwana ba tsire, kuma shi da 'ya'yansa sai su zauna suna jiran China ta ba su izinin cin abinci. Moussa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wallahi Malam Salihu shina da magana.

Na biyu baƙi ne mai sheƙi, bangonsa biyu don kada zafi ya tsere, yana da allurai masu igiya da ake soka wa nama su faɗi ko ya nuna. Shi ne wanda idon Zayyad ke kai tun farko. Lili ta ɗauko wayarta ta danna, injin ya yi ƙara ya kama da kansa daga can nesa. Ta ce daga ko'ina a duniya lauban zai iya ganin yaushe aka kunna, yaushe aka kashe, zafin nawa ne, ƙwaya nawa ta rage. Zayyad ya fassara wannan ma, amma a gurguje, yana kallon wani wuri.

Salihu ya ji shi sarai. A nan ne ya gane abin da ake nufi da shi, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Injin nan ba ya neman mai tsire, mai gadi yake nema. Kowane yaro da ya iya danna waya zai iya tsayawa a gabansa, kuma can a Guangzhou wani zai kwanta a kan gado yana duban ko wansa ya fito aiki da wuri.

"Wato ni in sha zafi a Kano, kai kana danna ni daga China," in ji shi. "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi."

"Ba wanda ya ce haka, Yaya."

"Ba sai an ce ba. Ga shi nan ta nuna a waya."

Ya ƙara da cewa ko ba wannan ba, harshen wuta ba ya taɓa naman a cikin akwatin nan, zafi ne kawai ke zagayawa, kuma abin da aka rufe a akwati ya turara sunansa dafuwa, ba tsire ba.

Na uku ne ya so ya ba shi matsala. Farin ƙarfe ne mai nauyi, ba waya ba allura, maɓalli ɗaya ne da ake murɗawa kamar na rediyo. Rumbunsa ƙarami. Amma a gefensa akwai wani hannu, in an ja shi sai farantin da ke rufe wutar ya zame, harshen wuta ya taso ya lashi naman kai tsaye. A ƙasa kuma ga ɗan kofi da toka ke zuba, a zare a juye. Salihu ya ja hannun ya mayar, ya sake ja. Hannunsa ya so abin, shi kuwa ya ji haushin hannunsa. Nan take ya ce rumbun ya yi ƙanƙanta, murfin zai karya kafaɗar mutum, ragar kuma ta yi faɗin ido, tsinke zai faɗa. Da Lili ta tambayi wanne ya yi masa, sai ya ba ta kalmar da ya fi jin Sinawa na faɗa in an nemi abin da babu. Ya ce mata meyo.

Haka aka yi ta yi. Yau su je wannan shago, gobe su je wancan, jibi su dawo gun Lili da injinanta uku. Wanda ƙarfensa ya yi kauri, Salihu ya ce fentinsa zai ɓare. Wanda fentinsa ya yi kyau, ya ce bokitin da kitse ke ɗiga ciki ya yi ƙarami, naman Kano ba irin nasu ba ne. Wani injin Salihu ya ce hayaƙinsa ya yi yawa, wani kuma ya kushe shi da cewa ba ya hayaƙi ko kaɗan, to ina daɗin? Ranar komawarsa ta zo ba a tsayar da komai ba. Zayyad ya ce ba komai, a ɗaga tikitin, tunda Inna ta ce sai Yaya ya yarda, ai sai Yaya ya yarda. Salihu ya amince da sauri, don a ganinsa in ya tafi ya bar zancen a buɗe, za a iya cewa ya nuna alamar yarda da wani. So yake ya kashe injinan ɗaya bayan ɗaya a gaban shaida, ya koma gida ba sauran magana.

Abin da ya kamata ya ba shi tsoro shi ne haƙurin Zayyad. Yaron da tun yana ƙarami ba ya iya jiran shayi ya huce, yanzu ana kushe masa kaya yana gyaɗa kai, har yana cewa a ƙara dubawa. Ruwa ba ya tsami banza, amma Salihu ya ɗauka gajiya ce, ya ɗauka ƙanin ya fara saduda. In sun kira gida, Inna takan ce kowa lafiya, ya kwantar da hankalinsa ya zaɓa da kyau. Matarsa Radiyya takan karɓi wayar a gaban surukarta, ta gaishe shi a taƙaice, ta ce yara suna gaida shi, ta mayar. Ya ɗan ji muryarta ba daidai ba, sai ya ce kewa ce, har abin ya yi masa daɗi.

Moussa ne ya kawo shawarar a daina gardamar baki, a gasa nama a gani. Lili ta yarda a gwada a filin bayan sitonsu, inda suke da injinan gwaji. Salihu ya ce sai an wanke raga a gabansa da sabulu da ruwan zafi, don bai san abin da aka taɓa ɗorawa a kai ba, kuma a wannan ko Zayyad bai yi musu ba. Suka sayo naman sa wurin wani mahauci Musulmi ɗan China a unguwar Xiaobei. Salihu ya yanka da kansa, fale-fale, ya soke a tsinke, ya barbaɗe da garin ƙuli da yajin da ya taho da su daga gida. Tun da ya sauka garin, sai ran nan ya ji shi mutum ne.

Na jan injin ya fito da laushi amma fari fat, kamar mara lafiya. Na baƙin ya fi shi launi, ya jiƙu da romonsa, Zayyad ya yi ta nuna lambobi a waya yana cewa a duba, ko ɗigo bai wuce ba. Moussa ya ci na farko ya ci na biyu, ya ce duka sun yi, shi dai ba a ba shi nama ya raina. Da aka zo na uku, Salihu ya ture yaron shagon da ke kunna injinan gefe, ya murɗa maɓallin da kansa, ya jira, ya ja hannun. Wuta ta taso. Ya juya tsinkunan da yatsu yadda ya saba, yana shafa mai, gefen naman ya soma ƙuna yana tsartsatsi, ƙamshi ya cika filin har ma'aikatan sito suka leƙo. Ya zare ɗaya ya kai baki.

Ya yi. Bai kai na tukuba ba, hayaƙin ba na kirya ba ne, amma ya yi, kuma in aka naɗe shi a takarda da albasa da tumatir, rabin Gwammaja ba za su gane ba. Salihu ya tauna a hankali yana jin baƙin ciki, don ya so ƙwarai a ce bai yi ba. Ya haɗiye, ya goge baki, ya ce ba laifi ga wanda bai taɓa cin tsire ba.

A nan Zayyad ya fashe. Ya ce Yaya ba inji yake dubawa ba, hanyar da zai tozarta shi yake nema, a gaban Sinawa, a gaban baƙi. Ya ce ya gaji da a riƙa nuna gidansu da tudun toka, ya gaji da abokan kasuwancinsa su zo gaida Inna su tsallake kwatar kitse. Salihu ya ce to ashe kunyar ce ta tun makaranta ba ta sake shi ba, tun ana ce masa ɗan mahauta yana zagayawa ta bayan gida. Ya ce tudun tokar ne ya ciyar da shi har ya yi ƙwarin da zai raina shi. Lili ba ta jin Hausa, amma ba sai an fassara mata ba. Ta ja Zayyad ciki ta ce ya zo ya sha shayi da mai shagon.

Aka bar Salihu da Moussa a fili. Moussa yana ɗaukar hoton tsiren yana aikawa Maraɗi, ya ce Malam Salihu shi ma ya aika wa iyali su gani. Salihu ya ce wayarsa ba ta aiki a ƙasar nan. Moussa ya yi mamaki, ya ce duk kwanakin ga ba wanda ya gyara mishi? Ai abu ne na minti guda. Ya karɓi wayar, ya jona ta da tasa, ya yi 'yan danne-danne, ya miƙo.

Wayar ta hau kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Saƙonni ne suka yi ta faɗowa, kusan duka daga Radiyya. Salihu ya buɗe bidiyon farko. Daga cikin zaure aka ɗauke shi, ta tsagar ƙofa. Leburori uku ne da diga da shebur, ɗaya yana saran tukuba, biyu suna loda tokar a baro suna kaiwa bayan wata tifa. Tudun da ya sani tun yana rarrafe ya tsage biyu, cikinsa baƙi ƙirin. A bidiyo na biyu wurin ya zama fili, ana zuba siminti. A na uku an gama tayil, masu gilashi suna auna ƙofa. A ƙarƙashi akwai muryar Radiyya ƙasa-ƙasa, tana cewa ta yi ta kira ba ya shiga, Inna kuma ta hana ta faɗa a wayar Zayyad, ya yi haƙuri, ba yadda ta iya.

Ya koma kan bidiyon farko ya dubi ranar da ke jikinsa. An ɗauke shi ne bayan ranar da tikitinsa na farko ya ce ya koma. Da ya hau jirgin nan, da ya tarar da tukubarsa a tsaye. Duk kwanakin da ya ƙara yana kushe tayoyi da murafe yana jin shi gwani ne, lokaci yake ba masu diga.

Moussa ya leƙa wayar, ya ga abin da ke ciki, dariyar da yake tafe da ita kullum ta ɗauke. Ya ce wallahi bai san da wagga magana ba, da ya sani da bai taɓa wayar ba. Ya ja baya ya tsaya jikin bango.

Zayyad ya fito da kofin shayi a hannu. Yana ganin wayar a hannun wansa da fuskar wan, ya ajiye kofin a kan jan injin.

"Kun rushe ta," in ji Salihu.

"Inna ta ce kada a sayi inji sai ka yarda. Ban saya ba."

"Kada ka yi mini wayon 'yan kasuwa. Kun jira na bar gari."

Zayyad bai musa ba. Ya ce da farko Inna ta ƙi, ta ce a jira Salihu ya dawo. Sai da ta ji ranar komawa ta wuce, ta ji an kawo masa kowane iri ya ce babu, sannan ta gane ba zai taɓa yarda ba, ita da kanta ta aika aka kira leburori. Ya ce tana jin tarin Salihu ta bango, irin tarin da Baba ya yi ta yi har ya kwanta, kuma ta ce ba za ta binne mutum biyu saboda tudun toka ɗaya ba.

"Ita ta faɗa, ko kai ka sa mata a baki kullum in na shiga wanka?"

"Na faɗa mata abin da kake yi a nan. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona Salihu. Wuƙar da ya yanka naman tana kan tebur, ya gan ta, ya kau da kai, ya nemi tsari da Allah a zuciyarsa. Ya so ya shaƙe yaron nan, ya so ya fita ya kama hanya ko bai san inda ta nufa ba. Ya tsani Zayyad a lokacin tsana ta gaske, ya ji haushin Inna irin wanda ɗa ba ya iya faɗa, ya kuma ji haushin kansa fiye da su duka. Amma yana tsaye yana huci, wani lissafi ya shigo masa wanda ba ruwansa da fushi. Akwai Radiyya da yara. Zai sauka Kano ya tarar da tayil da gilashi, ba wurin kafa tsinke ko ɗaya, kuma ciki ba ya jiran a gama gaba.

Ma'aikatan sito suka koma aikinsu. Tsiren da ya rage a kan raga ya huce, kitsensa ya daskare.

Can ya taka zuwa farin injin ya ɗora hannu a kan murfinsa. Ya ce wannan za a ɗaure. Zayyad ya buɗe baki ya fara cewa ai baƙin ya fi, saboda rumbunsa da bangonsa, sai ya dubi idon wansa ya haɗiye sauran. Ya juya ya yi wa Lili magana. Ta washe baki ta ce shieshie, wato na gode, ta ɗauko littafin oda, a karon farko ta dubi Salihu ta ɗan rusuna.

Salihu bai kula ta ba. Ya tsuguna a gaban injin yadda yake tsugunawa a gaban wuta tun yana yaro, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ce a tambaye ta in za a kashe me ake fara yi, in ƙwaya ta jiƙe ta toshe ƙarfen ina ake kwancewa, in fankar ta mutu ana samun irinta ko sai an aiko. Dole ta bakin Zayyad tambayar za ta bi, ta bakinsa amsar za ta dawo, kuma Salihu ya saurara da kyau, yana maimaitawa, don ba shi da wata sana'ar. Zayyad ya ga haka ya ɗan saki jiki, ya tsuguna kusa da shi, ya nuna wata ƙusa a ƙarƙashin rumbun.

"Ka ga wannan, Yaya, ita za ka fara..."

"Zan gasa maka namanka," in ji Salihu, bai ɗago ba. "Zan buɗe da wuri in rufe a kan lokaci. Amma ka samo wani sunan da za ka riƙa kirana da shi. Mutum ba ya ce wa yaron shagonsa Yaya."

Yatsan Zayyad ya tsaya a kan ƙusar. Lili ta jira a fassara mata, ba wanda ya fassara. Salihu ya ce a ci gaba, bayan an kwance wannan sai wacce.